Sashe biyu sun yi wata uku a kulle: in ba na hannu ko in ƙara jira?

Uwar Tagwaye:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, don Allah wanda ya san kan abin ya taimaka. Ina da gida mai sashe uku da nake bayarwa haya, ni ba a ciki nake zaune ba. Sashe ɗaya akwai mutane, shekararsu huɗu, ko tarinsu ban taɓa ji ba. Biyun kuwa yau wata uku ke nan suna kulle.

Wanda ya tashi daga na tsakiyar shi ne ya koya mini hankali. Abokin maigidana ne ya kawo shi, ya ce ɗan'uwansa ne, mutumin kirki. Don kunya ban ce a rubuta komai ba, da baki muka gama, na miƙa makulli. Shekarar farko lafiya lau. Daga nan aka shiga "wata mai kamawa insha Allahu", har hayar wata biyar ta taru. Ranar da na shirya na je don a yi ta ta ƙare, sai na tarar da ƙofa a sakaye, makulli a bakin taga. Ashe cikin dare ya kwashe kayansa. Na shiga na ga kwamin wanke hannu ya tsage biyu an ɗaure shi da waya, bangon falo duk ramin ƙusa, silin ɗin ɗakin kwana ya yi ciki ya yi baƙi ƙirin saboda yoyon da bai taɓa gaya mini ba, ga bashin wuta ya bar mini. Da na kira wanda ya kawo shi, cewa ya yi, "Wallahi Hajiya ni ma na ji kunya." Kunyar tasa ce kaɗai na tsira da ita.

Yanzu na gyara ko'ina. Masu nema suna zuwa, amma duk wanda na kalla sai in ga kamar wancan ne ya dawo. Ga Yayana ya matsa mini in ba surukinsa sashe ɗaya. To ya ake gane ɗan haya na gari? In nemi dillali ko in ci gaba da kaina? Kuma surukin Yaya fa?

Alhajin Gidaje:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ki bar su a kulle har ki samu wanda hankalinki ya kwanta da shi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ni shekarata ashirin da wani abu ina wannan harka, kuma dokata uku ce: ba na ba ɗan'uwa, ba na ba gwauro, ba na ba macen da ba ta da miji. Tun da na kama wannan na samu barci.

Mai Lissafi:
Alhaji, gidan da ke kulle ma ci yake yi, ba ya dai ƙara ne. Hajiya, ki ɗauki biro. Wata ɗaya babu ɗan haya, kashi ɗaya ne cikin goma sha biyu na kuɗin shekara, wato sama da kashi 8 cikin 100. Wata uku rubu'in kuɗin shekara ne cur, kuma ke sashe biyu ne. Da kin rage kashi 5 cikin 100 a kan abin da kike nema kika samu mutumin kirki tun watan farko, da kin fi riba nesa ba kusa ba. Ban ce ki yi gaggawa ba. Cewa nake jiran ma kuɗi ne, a san nawa ake biya.

Sai kuma wata tambaya: masu zuwa gani, su ne suke tafiya ba sa dawowa, ko ke ce kike ƙin su? Amsar ta bambanta. In su ne ba sa dawowa, kuɗin ne ya yi yawa ko akwai abin da suke gani a gidan. In ke ce, to tsoro ne, shi kuma tsari ne maganinsa.

Uwar Tagwaye:
Gaskiya Malam, duka biyun. Mutum shida suka zo, uku ba su dawo ba, uku ni na yi ta ja musu rai har suka gaji.

Tsohon Dillali:
'Yata, bari in ba ki abin da na kwashe shekaru ina gani, ki ɗauki na ɗauka ki zubar da sauran.

Ba a gane ɗan haya a fuska, kuma ba a gane shi a sutura. Wanda ya fi wahalar da ni a rayuwata da mota mai sheƙi ya zo, yana ƙamshin turare. Inda ake gane mutum shi ne gidan da ya baro. Ki tambaye shi: ina kake zaune yanzu, shekara nawa ka yi, me ya sa za ka tashi, ba ni lambar mai gidan. Mai gaskiya nan take zai karanto miki lambar. Mai abin ɓoyewa zai fara, "ai mun ɗan samu saɓani", "ai mutumin ba ya ƙasar". In kin samu lambar ki kira, kada ki ce "ya halinsa?", domin kowa "ba laifi" zai ce. Ki tambayi abu ƙwaya-ƙwaya. Ya taɓa wuce ranar biya? Sau nawa? Maƙwabta sun taɓa kawo ƙararsa? In ya dawo gobe za ka sake ba shi? Wannan ta ƙarshen ita ce mai fasa ƙwai. Ki saurari shirun da zai yi kafin ya amsa.

Kuma ga wani sirri. Mai gidan da yake ciki yanzu zai iya yabonsa don kawai ya rabu da alaƙaƙai. In da hali ki nemi na kafin shi, wanda ba shi da abin da zai ci ko ya rasa.

Sannan ki lura da yadda mutum yake duba gidan. Wanda ya buɗe famfo ya ga ƙarfin ruwa, ya ja ruwan banɗaki, ya ɗaga kai ya dubi silin, ya tambayi wa ke biyan kuɗin kwashe shara, wannan zama ya zo yi. Wanda ko ɗakin kwana bai leƙa ba ya ce "na ɗauka, ga kuɗi, yau zan tare", ki ji tsoronsa. Ruwa ba ya tsami banza. Galibi koro shi aka yi.

Ɗan Haya Tun Fil Azal:
Baba ya faɗi gaskiya, amma ku bar ni in yi magana a madadin 'yan'uwana, don na ga zauren nan ya cika da masu gida. Hajiya, silin ɗin da ya ruɓe, kin tabbata bai taɓa gaya miki ba? Ba ina kare shi ba ne, wanda ya gudu da haƙƙin mutane ba shi da abin karewa. Amma ni na taɓa zama gidan da na kira mai shi sau bakwai a kan rufi, ina tara bokiti uku a tsakar ɗaki duk ruwan da aka yi. Amsarsa ɗaya ce, "zan turo yaro." Yaron bai zo ba har na tashi. Ranar tashi kuma ya zo yana tafa hannu wai na lalata masa gida. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma in ya faɗa ba a ji ba, wata rana shiru zai yi.

Ku ma ana bincikenku, ku sani. Ni kafin in kama gida sai na tsaya da maƙwabci na tambaye shi halin mai gidan. Waɗancan ukun da ba su dawo ba, wataƙila wani abu suka ji.

Uwar Tagwaye:
Wallahi bai taɓa faɗa ba. Amma ni ma ina da laifi, shekara biyu ban taka cikin sashen ba. A ƙofar gida muke gaisawa in karɓi abin da ya samu in juya.

Malamar Asibiti:
Ni maganar Alhaji ce ta tsaya mini a wuya. Alhaji, da girmanka. Mijina ya rasu ya bar ni da yara biyu, ina da aikina, albashina yana shiga duk wata. Gida tara na nema, bakwai aka hana ni da zarar an ji babu namiji. Wani ma cewa ya yi in je in kawo ko da ƙanena ne ya sa hannu a matsayin shi ne mai kamawa, ƙanen da ni nake biya masa kuɗin makaranta. Gidan da na samu a ƙarshe shekarata shida a ciki, ban taɓa kai rana ɗaya a kan lokacin biya ba. Shi kuwa wanda ya gudu da kuɗin Hajiya, ba magidanci ba ne?

Uwar Tagwaye:
Magidanci ne 'yar'uwa, da mata da yara uku.

Alhajin Gidaje:
Malama, Allah ya jiƙan maigidanki. Ban ce duka ba. Amma gidana ne, kuma abin da na gani da idona nake faɗa. Na taɓa ba wasu samari uku, suka mayar mini da gida dandali, kiɗa har asuba, maƙwabta suka daina amsa sallamata.

Malamar Asibiti:
To ai hayaniya ce ta dame ka Alhaji, ba rashin aure ba. Ka rubuta a takarda cewa ba kiɗa bayan ƙarfe kaza, ba taron da zai hana maƙwabci barci, wanda ya saɓa ya san makomarsa. Wannan zai kama mai mata da marar mata.

Na Ƙetare:
Wannan gardamar wasu ƙasashen sun daɗe da kai ta gaban doka. A Amurka tun 1968 aka yi dokar da ta haramta hana mutum haya ko sayen gida saboda launin fatarsa ko addininsa ko asalin ƙasarsa. An sa mata hannu mako guda bayan kisan Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata. A 1974 aka ƙara jinsi, a 1988 aka ƙara naƙasa da masu ƙananan yara. Abin da aka bar wa mai gida ya duba shi ne wanda ya shafi hayar kanta: samun mutum, tarihin biyansa, shaidar inda ya zauna a baya. Can ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne kada kuɗin muhalli ya wuce kashi 30 cikin 100 na abin da mutum yake samu. Ba wahayi ba ne, amma yana da amfani. In haya za ta cinye rabin samun mutum, ko waliyyi ne wata rana zai gaza, ciwon yaro ɗaya ya isa.

Don haka Hajiya, tambayar "me kake yi, kuma nawa yake shigo maka" ba rashin kunya ba ce. Ma'aikaci ya nuna takardar albashi, ɗan kasuwa ki je ki ga shagon da idonki.

Barista:
Na karanta duka. Hajiya, ki yi haƙuri zan ɗan yi tsauri. Ba mugun ɗan haya ne ya ci ki ba, rashin takarda ne. Da mutumin kirki ne ma kuka yi da baki, ranar da kuka saɓa ba ki da abin nunawa, shi ma ba shi da shi. Mutane suna ganin rubutu kamar zargi ne, alhali ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka.

Yarjejeniyar ba sai ta yi shafi ashirin ba. Cikakken sunan kowa da kwafin katin shaidarsa. Wane sashe ne, ɗaki nawa. Kuɗin nawa ne, ranar da ake biya, ta wace hanya. Daga yaushe zuwa yaushe, kuma in wa'adi ya cika ya ake sabuntawa, in za a ƙara kuɗi wata nawa kafin nan za a sanar. Su wa za su zauna a ciki, da sharaɗin cewa ba zai saka wani ya karɓi haya a bayan idonki ba. Wannan na faruwa fiye da yadda ake zato: ki ba mutum ɗaya, ki dawo ki tarar da wanda ba ki taɓa gani ba yana ce miki ai shi ya biya wane. Sai rabon gyara. Abin da ya shafi jikin ginin, rufi, bango, manyan bututu, wayoyin cikin bango, ramin bahaya, na mai gida ne. Abin da amfanin yau da kullum ke cinyewa ko ɗan haya ya fasa da hannunsa, ƙwan fitila, gilashin taga, marfin masai, nasa ne. A rubuta cewa wajibi ne ya sanar da ke yoyo ko tsagewa da zarar ya gani, ke kuma a rubuta cikin kwana nawa za ki turo mai gyara. A rubuta cewa kina da damar shiga dubawa, amma da sanarwa tukuna, ba ki faɗo musu kamar ruwan sama ba. Daga ranar da kika miƙa makulli, gidan naki ne amma sirrin cikinsa nasu ne.

Kowa ya sa hannu, shaidu biyu su sa, kowa ya riƙe kwafi. Kuma duk kuɗin da ya shigo a ba da rasit, ko ta banki aka turo, a rubuta na wane wata ne. Rabin shari'ar haya da nake gani a kan "na biya", "ba ka biya ba" ne.

Wa'adin da doka ta ce a ba ɗan haya kafin a tashe shi ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, wani wurin ma daga jiha zuwa jiha, kuma yakan danganta da ko hayar ta wata ce ko ta shekara. Ki kai takardar wurin lauyan inda gidan yake ya duba miki sau ɗaya, sai ki yi ta amfani da ita.

Alhajin Gidaje:
Barista, takarda ba ta fitar da mutum daga gida. Ni wanda ya ƙi biya, kwano biyu nake sa a cire daga saman ɗakinsa, ko in yanke ruwa. Kwana uku ya nemi hanya. Kotu sai ta ci maka shekara.

Barista:
Alhaji, don Allah kada ka koya wa Hajiya wannan. A mafi yawan ƙasashe, cire rufi, yanke wuta ko ruwa, sauya kwaɗo, watsa kayan mutum waje ba tare da umarnin kotu ba, laifi ne, ko da yana riƙe da kuɗinka. Ka shiga kotu kai ne mai bin bashi, ka fito kai ne za ka biya diyya. Na ga wanda ya fitar da kayan ɗan haya waje aka yi ruwa a kansu, ɗan hayar ya kawo lissafin talabijin da katifa da takardun makaranta, abin ya ninka bashin da ake bin sa. Ka yi sa'a ne kawai ba ka haɗu da wanda ya san hanya ba.

Na Ƙetare:
A Ingila tun 1977 akwai dokar da ta mayar da korar ɗan haya ba bisa ƙa'ida ba laifin da ake iya ɗaure mutum a kansa. A Faransa kuma daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris ba a fitar da ɗan haya, saboda hunturu, ko da kotu ta riga ta yanke hukunci, sai a wasu 'yan yanayi da doka ta ware. Shi ya sa masu gidajen can suke tsananta bincike kafin su ba da makulli. Sun san shiga da sauƙi, fita da wuya.

Mai Kula da Zaure:
Jama'a a ci gaba, amma a kiyaye harshe. Na goge saƙo biyu. Ba a kiran kowa azzalumi a nan, Alhaji babanmu ne.

Mai Gyaran Famfo:
Ni ba lauya ba ne, amma ni ake kira in an tashi, don haka na san abin da ake bari a baya. Hajiya, ranar da za ki ba da makulli ki shiga da ɗan hayar, waya a hannu. Ɗaki bayan ɗaki ki ɗauki bidiyo yana tsaye a ciki. A buɗe kowane famfo, a kunna kowace fitila, a buɗe taga a rufe, a nuna tayil ɗin da ya riga ya tsage don kada a ɗora masa. Ki ɗauki hoton mita lambobin suna fitowa sarai. Ki tura masa ta WhatsApp nan take ya amsa da "na gani", ranar da lokacin sun zauna ke nan. Minti ashirin ne, amma yana kashe rigimar wata biyu.

Kuma ki riƙa leƙawa ko sau biyu a shekara, musamman kafin damina da bayanta. Ki duba ƙarƙashin wurin wanke-wanke na kicin, ki shafa bangon da ke bayan banɗaki. In fenti ya fara kumbura kamar ƙuraje, ruwa na bi ta ciki. Abin da roba ɗaya za ta gyara yau, in aka bar shi shekara sai an fasa bango.

Ɗan Haya Tun Fil Azal:
Bidiyon nan ni ma ina so, don mu ya fi karewa. Kuɗin ajiyar da ake karɓa wai don ɓarna, sau nawa ake dawo da shi? Ka zauna shekara biyar, fenti ya dushe da kansa, a ce an cire kuɗin fenti.

Barista:
Kana da gaskiya. Tsufa daban, ɓarna daban. Fentin da ya koɗe, hannun ƙofar da ya saki don yawan taɓawa, wannan yana cikin abin da haya take biya. Kwamin da aka fasa aka ɗaure da waya ɓarna ce. Kuɗin ajiya amana ne a hannun mai gida, ba ƙarin haya ba. In za a cire wani abu a kawo lissafi da rasit ɗin gyara, a mayar da saura.

Na Ƙetare:
A Ingila tun 2007 mai gida ba ya riƙe kuɗin nan yadda ya ga dama, dole ya yi masa rajista a ɗaya daga tsare-tsaren da gwamnati ta amince da su, yanzu cikin kwana 30, kuma daga 2019 aka ƙayyade shi, ga galibin gidaje ba ya wuce hayar mako biyar. A Jamus iyakarsa hayar wata uku, ana ajiye shi daban da dukiyar mai gida, kuma ɗan haya na da damar biya kashi uku. Ko babu irin wannan doka a inda mutum yake, dabarar ware shi a wani asusu daban tana da kyau. Wanda ya zuba shi a jari, ranar mayarwa sai ya fara neman laifin da zai ɗora wa bango.

Uwar Tagwaye:
Na gode ƙwarai, ina ta rubutawa. Saura maganar dillali da ta surukin Yaya, ita ce ta fi hana ni barci.

Mai Lissafi:
Dillali, da izinin Baba, la'adarsa yake nema. Da zarar an biya ya karɓi nasa ya yi gaba, ke za ki zauna da wanda ya kawo. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ki ɗauki hotuna masu kyau da rana, labule a buɗe, ki sa a Facebook da zaurukan WhatsApp, ki rubuta ɗaki nawa, ruwa da wuta ya suke, kuɗin nawa. Faɗin kuɗin tun farko yana rage miki masu zuwa yawon buɗe ido. Kuma ki gaya wa mutanen da suka shekara huɗu a gidan. Su za su zauna da sabon maƙwabcin, ba za su kawo wanda zai dame su ba.

Tsohon Dillali:
Ɗana, ba ka yi ƙarya ba, akwai irinsu da yawa a cikinmu. Amma dillalin da ya san zai sake cin abinci a gidan ba ya kawo ɓara-gurbi. Ka'idar ita ce: dillali ya kawo, mai gida ya tace. Kada ki bar masa zaɓi, kada ki bar masa karɓar kuɗi, kuma ku yanke la'adarsa da wanda zai biya ta tun kafin ya fara. Makulli ma kada ya kwana a hannunsa. Game da hotunan intanet, ki rubuta lambarki a jikin hoton, domin 'yan damfara suna kwafe hoton gidan mutane su sa a wani wuri da araha, su karɓi kafin alƙalami su ɓace. Sai ki ga baƙo a ƙofarki da rasit ɗin da ba ki san da shi ba.

Surukin Yayanki kuwa, ba zan ce ki hana shi kamar yadda Alhaji ya ce ba, ba kuma zan ce ki ba shi ba. Ki bi da shi ta ƙofar da kowa yake bi. Lambar tsohon mai gida, shaidar abin yi, takarda, kuɗin ajiya. Sannan ki ce wa Yayan naki cikin ladabi, "Yaya, tunda kai ka san shi, kai za ka tsaya masa, ka sa hannu cewa in ya gaza kai za ka biya." Daga nan za ki san iya sanin da ya yi masa. Wancan abokin maigidan naki, da a ce ya sa hannu, da ba kunya kaɗai zai ji ba.

Malamar Asibiti:
Baba wannan ita ce magana. Amma Hajiya ki shirya, za a ce kin zama 'yar boko, kin fifita kuɗi a kan zumunci.

Alhajin Gidaje:
Za a faɗa ko ta ba shi ko ta hana. In ta ba shi ya ƙi biya, ranar da ta tambaya za a faɗa, kuma a lokacin har da taron dangi. Shi ya sa na ce a hana tun farko. A nan dai ba ku kayar da ni ba.

Uwar Tagwaye:
Salam 'yan zaure, na dawo da labari bayan kwana goma sha biyu. Na rage kuɗin kaɗan kamar yadda Malam Mai Lissafi ya ce, na kuma gaya wa mutanen sashen farko. Matar gidan ta kawo wata abokiyar aikinta, ita da mahaifiyarta da ɗanta ɗaya. Na kira inda suka baro, mai gidan ya ce sayar da gidan ya yi, ba don haka ba da ba zai bar su su tafi ba. Na tambaye shi ko sun taɓa makara, ya ce sau ɗaya, kuma ita ta kira shi tun kafin ranar ta gaya masa. Lauya ya duba takardar, mun sa hannu jiya, mun yi bidiyon. Tsohuwar har dariya take yi da na ce a ja ruwan banɗaki a gaban kyamara. Alhaji ka yi haƙuri, na karya dokarka ta uku.

Yaya kuma na gaya masa maganar tsayawa. Ya yi shiru, ya ce zai yi tunani. Yau kwana tara bai sake tayar da zancen ba, ni ma ban tayar ba. Matarsa dai ta daina amsa gaisuwata a zauren dangi. Sashe na uku yana nan a kulle, mutum biyu za su zo gani ranar Asabar.

Alhajin Gidaje:
Allah ya sa alheri Hajiya. Mu ji labari bayan shekara.

Mai Gyaran Famfo:
Hajiya, kin sauya kwaɗon sashen tsakiya kuwa? Wancan makulli ɗaya ya bar miki a taga, ba ki san nawa ya yanka ba.

Uwar Tagwaye:
Innalillahi, wallahi ban sauya ba, kuma jibi za su tare. Bari in kira kafinta yanzu.